Hannun Dama da Ya Ƙi Zuwa Baki

Jama'ar Allah, ina gaishe ku cikin sunan Yesu mai cetonmu. Baba Fasto, dattawan ikilisiya, iyayena mata na zumunta, da ku matasan can baya da kuka fara dariya tun ban buɗe baki ba, duk ina gaisuwa. Salamar Ubangiji ta zauna tare da ku.

Saboda baƙin da suka zo daga nesa, sunana Yohanna, daga wani ƙauye a ƙasar Baure. Amma in ka shiga ƙauyenmu ka ce Yohanna kake nema, sai an tambaye ka wanne. Ka ce Turmi, ko yaron goye zai nuna maka gidan. A filin kokawa aka raɗa mini sunan, wai don ana shan wuya kafin a ɗaga ni daga ƙasa.

Na ga wasunku na satar kallon hannun nan nawa. Ku kalla da kyau, ban hana ba. Ga tabon ɗinki a bayan gwiwar hannun, ga shi kuma ba ya miƙewa sarai. A kansa na tashi yin magana yau.

Kokawa gadon gidanmu ce. Kakana ya yi, babana ya yi, ni ma tun ina kiwon awaki nake ka da sa'o'ina a cikin rairayi. Da kaka ta yi aka kai gero rumbu, to Laraba matata ta san ba ta da miji sai an ga hali. Ba zan ɓoye muku ba, an yi mini baftisma, ina cikin mawaƙan ikilisiya, amma akwai kambu ɗaure a damtsena a ƙarƙashin riga. Lahadi ina rera yabo, ranar kasuwa ina kirari a fili. A ganina a lokacin, duk abin da ya gagara a duniya ƙarfi ne bai isa ba, sai a ƙara.

A shekarun da aka fara shari'a, kiɗan fili ya yi sanyi a wajenmu. Kokawa babu ganga kuwa ai tuwo ne ba miya. Sai muka riƙa tsallaka iyaka zuwa ƙauyukan Nijar, tunda ba nisa, a kan babur kafin rana ta yi zafi ka isa. A can abin ya same ni.

Wani dogon saurayi aka fito mini da shi, ko gemu bai gama tsiro masa ba. Na dube shi na raina. Kafin in gama raina shi ya shige ƙarƙashina, ya ɗauki Turmin nan ɗungurungum! Da na ji ni a sama, maimakon in saki jiki in sha kaye kamar kowa, sai zuciya ta ce mini bayanka ba zai taɓa ƙasa a garin mutane ba. Na kai hannun dama na dafe. Nauyina da nasa suka sauka a kai. Na ji ƙas! har cikin kunnena.

Da na duba, gwiwar hannuna ta turo baya kamar ba tawa ba. Nan da nan wurin ya haye. Kambun da nake taƙama da shi ya nutse cikin nama, sai da aka kawo aska aka yanke shi.

Aka kai ni wurin wani tsoho mai ɗori a garin. Ba zan zage shi ba, ya yi iyakar saninsa. Ya ce karaya ce. Ƙarti suka danne ni, ya ja hannun, ya jera karare tun daga damtse har wuyan hannu, ya naɗe tamau a miƙe sambal. Ya ce kada in yarda a kwance sai sanyi ya wuce. Na bi maganarsa sau da ƙafa.

Ranar da aka kwance, sai ga hannu ya rame, yana nan a miƙe kamar muciya. Yatsu na motsi, kafaɗa na motsi, gwiwa kuwa ta ce ba ta san zancen ba.

To 'yan'uwa, a nan ne shaidata ta fara. Rashin kokawa ya dame ni, amma ba shi ya karya ni ba.

A unguwarmu akwai ciyayya. Bayan magariba kowane magidanci yakan fito da kwanon tuwon gidansa zuwa ƙofar gidan Malam Idi, maƙwabcina, Musulmi ne mai fataucin shanu. A jera kwanuka a tabarma, a cinye na wannan a jawo na wancan. Gidajen masu bin Yesu ba su da yawa a unguwar, amma babana ya zauna a tabarmar nan, ni kuma na gaji wurinsa. Ko lokacin da zancen shari'a ya ɗauki zafi, ana ta raɗe-raɗin za a yi mana kaza da kaza, tabarmar ba ta tashi ba ko sau ɗaya. A nan ake jin wanda ba shi da lafiya, a nan ake sa ranar gayya, a nan ake sasanta wanda akuyarsa ta yi wa wani ɓarna. Namijin da ba ya tabarmar nan, yana gari ne kawai.

Yammacin da aka kwance mini ɗori na fito da kwanona ina murna. Na wanke hannu, na yanko loma da dama, na dangwali miya, na ɗago. Hannu ya tafi gaba ya tsaya can nesa da ni. Na sunkuyar da kai na bi shi, shi ma ya yi gaba. Baki na bin hannu, hannu na gudu. Wani ya fashe da dariya, sai kuma ya haɗiye ta.

Malam Idi ya ce, "Turmi, larura ce. Sa hagun ka ci abinka, babu mai ce maka komai."

Na sa hagu. Gaskiyarsa, babu wanda ya ce komai. Amma ai ina da ido. Wanda ke kusa da ni ya koma yanka daga can ɗaya gefen kwanon. Wani ya ce ya ƙoshi, alhali yanzu ya zauna. Ban ga laifinsu ba, kowa ya san aikin da hagu ke yi. Da wani ne ya sa hagunsa a miyata, ni ma da na ƙoshi da wuri.

Kashegari Malam Idi ya sa aka zuba mini nawa a ɗan kwano daban, da cokali, aka ajiye a gefen tabarma. Alheri ya nufa, Allah ya sani. Amma ni Turmi, a gefe, da cokali a hagu ina zubar da rabi, ana hira ana waiwayo ni lokaci-lokaci don kada in ji an ware ni! Tuwon nan ya ƙi wucewa. Daga ranar ban sake fita ba.

Na koma cin abinci a ɗaki ni kaɗai. Wata rana in ci, wata rana in ture kwanon. Ina jiyo dariyarsu ta kan katanga, raina na ƙuna. Na zama masifaffe, 'ya'yana in sun ji tarina sai su watse.

Kun san a wajenmu mace ba ta cin kwano ɗaya da mijinta. Ran nan ina zaune na tasa tuwo a gaba ina hararar sa, sai Laraba ta shigo, ta wanke hannu, ta zauna ta tsoma hannunta a kwanona.

Na ce, "Ke, lafiya?"

Ta ce, "Lafiya lau. Yunwa nake ji."

"Ba ki ga da wane hannu nake ci ba?"

"Na gani, Maigida. Ni na ɗebo ruwan da ka wanke shi. Ci, miya na hucewa."

Tun daga ranar kullum tare muke ci. Matan gidanmu suka yi ta yi mata tsiya, wai ta zama baturiya. Ko a jikinta.

Ni kuwa ban zauna ba, na ce sai na ga bayan hannun nan. Abokaina na kokawa suka taru, babbansu Tanko, muka yanke shawara irin tamu: abin da ya ƙi lanƙwasuwa, a lanƙwasa shi. Kowace safiya a gasa gwiwar da ruwan zafi, a mulke ta da man shanu, a jingina ni da gindin darbejiya. Ɗaya ya riƙe kafaɗa, Tanko ya kama wuyan hannu ya danna da duk ƙarfin da Allah ya ba shi. Ni kuma in cije tsumma, gumi na zuba. In wurin ya kumbura sai mu ce madalla, magani na aiki. Wayyo jahilci! Kullum gwiwar ƙara tauri take, har na fara jin wani abu kamar dutse a cikin naman.

Damina ta zo ban iya riƙe fartanya yadda ya kamata ba. Malam Idi ya tara mutanen tabarma suka yi mini gayya, suka nome gonata tas. Laraba ta kai musu abinci gona. Ni mai gonar na laɓe a gida don kada a ce in zauna a ci da ni. Kun ji inda abin ya kai.

Addu'a kam an yi mini. Har wani mai wa'azi baƙo ya zo taron farkawa, ya ba da labarin mutumin nan mai shanyayyen hannu da Yesu ya warkar. Ya kira marasa lafiya gaba, ya zo kaina ya daka tsawa, "Ɗan'uwa, miƙa hannunka da bangaskiya!" Na ce, "Malam, ai a miƙe yake, abin da ya kawo ni ke nan." Majami'a ta kwashe da dariya, har shi. Ni ma na yi, amma da na koma gida kwanciya na yi na juya wa ƙofa baya.

Duk Lahadin da za a ci Jibin Ubangiji nakan ƙirƙiro ciwon kai in zauna a gida. Wata Lahadi lissafi ya kwace mini, sai da na zauna na ga an rufe tebur da farin ƙyalle. Fita kuma ba dama. Baba Ishaya, dattijon ikilisiyarmu, tsoho ne har hannunsa na rawa, shi ya zo layinmu da farantin gurasa. Da sabo na kai hannun dama na ɗauka. Sai na tsaya da ita a yatsuna. Baki ba ta zuwa. In mayar da ita hagu, jikin Ubangijina da hagu? Kowa ya ci nasa ya sunkuyar da kai, ni ina nan hannu a miƙe, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Baba Ishaya ya gane. Ya ajiye farantin a benci, ya zare gurasar daga yatsuna, ya sa mini a baki yadda ake yi wa yaro. Da ƙoƙon ya zo, shi ya kafa mini a leɓe. Jama'a, ni da ban yi kuka ba ranar da ƙarti suka danne ni, ran nan na yi kuka har da majina.

Da aka tashi kowa ya watse, na zauna ni kaɗai, rana tsaka, kwanon rufi na ta ƙara don zafi. Na durƙusa a gaban benci na ce, "Ya Yesu, ka san ni, ba sai na yi maka kwana-kwana ba. Ƙarfina ya ƙare, na Tanko ma ya ƙare. Ban roƙe ka fili ba, ban roƙe ka ganga ba. Hannun nan nake so ka kai mini baki, in zauna cikin mutane in ci tuwo. Duk hanyar da ka nuna zan bi, ko da wadda na raina ce."

Ba zan yi muku ƙarya a gaban bagade ba, babu abin da ya motsa. Yadda na durƙusa da hannun haka na tashi da shi. Amma da na fito, Baba Ishaya na zaune a inuwa yana jirana. Ya ce, "Ɗana, ka je asibiti a ɗauki hoton hannun nan." Ya sha gaya mini haka, kullum ina ce masa asibiti yankewa suka sani. Ran nan sai na ji bakina ya ce, "To, Baba."

A Daura aka ɗauki hoton. Likita ya ɗaga shi a haske ya ce babu karaya ko ɗaya, tun farko ma ba a yi ta ba. Gwiwar ce ta goce daga gurbinta, aka ɗaure ta a goce, ta zauna a haka. Ya ce da a ranar aka kawo ni, da kafin in gama ihu an mayar da ita. Sa'an nan ya nuna mini wani fari-fari a gaban gwiwar, ya ce wannan ƙashi ne ya tsiro a cikin nama saboda murɗa da danna.

Ya ce, "Wa ke danna maka?"

Na ce, "Abokaina."

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Abokanka ne kuwa?"

Ya hana a sake taɓa wurin, ya ce sai ya huce tukuna. Da ya huce aka tura ni Kano, aka yi mini aiki, aka mayar da gwiwar gurbinta, aka cire ƙashin da ya tsiro. Ikilisiya ta tsaya mini, Allah ya saka muku. Malam Idi kuma shi ya raka ni har bakin ɗakin tiyata, yana jan carbinsa. Likitan da ya yi aikin ya gaya mini gaskiya: shi ya buɗe ƙofa ne kawai, ko hannun zai kai baki ko ba zai kai ba, wannan sai a ɗakin gashi, inda ake koya wa gaɓa motsi bayan aiki. Kokawa kuwa ya ce in manta da ita.

Aka haɗa ni da likitan gashi a Daura, Malam Kabiru. Siriri ne, in iska ta taso sai ka ji tsoro a kansa. Na shiga ina jiran a kawo ƙarafa da igiyoyi. Sai ya zaunar da ni a gaban tebur, ya shimfiɗa ɗan ƙyalle, ya ɗora hannuna a kai. Ya ce in jawo shi wajen ƙirjina a hankali, da ƙarfin hannun kansa, ba da taimakon ɗayan ba. In na ji ya ja sai in tsaya in riƙe. In na ji zafi na wuce gona da iri, in koma baya.

Na ce, "Shi ke nan?"

Ya ce, "Shi ke nan. Safe da rana da yamma, kullum."

"Haba Malam! Ni fa ɗan kokawa ne. Ka danna kawai, zan iya ɗauka."

"Na san za ka iya, shi ya sa nake tsoronka. Gwiwar hannu ba a kokawa da ita, Malam Yohanna. In ka matsa mata sai ta kumbura ta ƙara ƙullewa. Lallashi take so."

Na fito ina gunaguni. Tun daga Baure na hau babur, don a ce in goge tebur! Amma na tuna abin da na faɗa a gaban benci, na koma gida na fara gogewa.

A ɗakin gashin nan na gamu da Nura, ɗan ƙwallo ne na cikin garin Daura. Shi jijiyar gwiwar ƙafarsa ce ta tsinke a wasa, aka yi masa aiki, ƙafar ta ƙi lanƙwasuwa. Saurayi sabon jini, amma a kan kujera yake salla kamar tsoho, abin na cin ransa ƙwarai. Ana ɗaura masa ɗan buhun yashi a idon sawu yana ɗagawa, daga baya aka ɗora shi a keken nan da ba ya zuwa ko'ina. Ni ina ce masa Limamin Kujera. Shi kuma da na shigo sai ya ce, "Baba Turmi, yau ina aka kwana, a cibiya ko a aljihu?" Domin da jikina nake auna tafiyar hannun. Da fari babban yatsana cibiya yake taɓawa. Sannu a hankali ya hau aljihun riga. Daga nan ya kai maɓallin wuya.

A maɓallin wuya ya kafe. Mako ya bi mako, ko motsi. Ga baki ina ganinsa, tazarar ba ta fi faɗin tafin hannu ba! Kaka ta yi, an fara cin sabon gero, ina jiyo hira a ƙofar Malam Idi. Shaiɗan ya raɗa mini cewa ɗan abin da ya rage ai dannawa ɗaya ce. Na faki idon Laraba ta tafi rijiya, na kira Tanko bayan rumbu na ce, "Kaɗan za ka taɓa." Ku da kuka san Tanko kun san ba a halicce shi da kaɗan ba.

Kafin yamma gwiwar ta haye, ta yi zafi kamar an ɗora a murhu. Da safe na gwada, ko aljihu ban kai ba.

Malam Kabiru ya taɓa wurin. Sai ya ce, "Wa ya danna?" Na fara kame-kame. Ya ɗaga murya, ranar na san siririn nan yana da zuciya. Ya ce, "Kana ji na? In ƙashin nan ya sake tsirowa, babu likitan da zai ƙara buɗe maka. Haka za ka mutu da shi. In ƙarfi za ka koma wa, gaya mini yanzu in ba wani lokacinka, ga mutane can a layi."

Ni da ake yi wa kiɗa, na sunkuyar da kai a gaban wanda zan iya ɗauka da hannu ɗaya. Na ce, "Malam, na tuba. A sake gwada ni."

Ya sa mini ƙanƙara, ya ce a bar hannun ya huta sai kumburi ya saɓe. Ran nan Nura bai tsokane ni ba. Da zan fita ya ce, "Baba Turmi, ni ma saura kaɗan in saci jiki in je fili jiya. Mu yi haƙuri, tare za mu fita daga nan."

A kan babur ina komawa gida nake ce wa Yesu, "Ka ga halina ko? Kada ka bar ni da shi. Ka riƙe ƙashin nan kada ya tsiro, ni kuma na ɗauki alkawari, ko shekara nawa za a yi ina goge tebur zan goge." Da aka sake ɗaukar hoto, babu abin da ya tsiro. Ku ce Haleluya!

Na koma farko. Safe kafin in fita, rana in na dawo, yamma kafin a sauke tukunya. Ba ni da agogo, sai na riƙa riƙe hannun tsawon baiti ɗaya na waƙar sujada, in saki, in kama baiti na gaba. Ranar da na ji ƙyuya ma sai na yi. Ranar da na ga kamar baya ake komawa ma sai na yi. Laraba ta zama dogari, Tanko ya leƙo gaisuwa ta fito masa da muciya, ta ce ya gaishe ni daga zaure. Malam Kabiru ya ƙara mini da matsa ƙwallon tsumma, da ɗaga moɗa babu komai, daga baya moɗa da ruwa. Aljihu ya dawo. Maɓalli ya dawo. Wata safiya babban yatsana ya shafi gemuna.

Shi ma Nura ranarsa ta zo. A tsakiyar ɗakin gashi ya sauka ƙasa a hankali, ya naɗe ƙafa ya yi zaman tahiya, ya ɗago yana hawaye. Yana Alhamdu lillahi, ina Haleluya, sai da Malam Kabiru ya ce mu fita waje mun cika wa marasa lafiya kunne. Yanzu haka yaron nan ya koma buga ƙwallonsa.

Nawa kuwa a tsakar gida ya zo, da hantsi. Muna ɓarar gyaɗar iri ni da Laraba, tana ba ni labarin wata rigima da aka yi a rijiya. Sai na ga ta yi shiru ta zuba mini ido.

Ta ce, "Maigida, me kake tauna?"

Na ce, "Gyaɗa mana."

"Da wane hannu ka sa ta?"

Na dubi hagu, kwanso ne a ciki. Na ɗauki wata ƙwayar da dama, na ɗago. Sai da na ɗan sunkuyo, amma ta shiga. Laraba ta saki faifai ta rangaɗa guɗa, har maƙwabta suka shigo suna tambaya wa ya haihu. Yesu mai iko! Yesu mai aminci!

Ban fita a ranar ba, don gyaɗa daban, tuwo da miyar kuka daban. Na yi 'yan kwanaki ina koyo a ɗaki, ina ɓata riga, Laraba na dariya. Sa'an nan wata magariba na ɗauki kwanona na fita.

Na yi sallama, hira ta tsaya cak. Malam Idi ya gusa ya ba ni wuri, ya turo mini ruwan wanke hannu. Na wanke dama. Na yanko loma, na dangwala, na ɗago. Kowa ya sunkuyar da kai wai shi ba kallo yake ba, alhali babu mai taunawa. Miya ta bi hannuna har gwiwa, amma loma ta shiga baki. Na haɗiye. Na sake yankowa.

A ta uku Malam Idi ya ce, "Kai Turmi, a hankali mana! Bashin bara duk yau za ka rama? Ka bar mana na gobe." Tabarma ta kaure da dariya, hannuwa suka dawo cikin kwano ta ko'ina, har ana ture nawa. Ni ina ci ina share ido da kafaɗa, na ce musu barkono ne ya yi yawa.

Na shiga gida ina taku kamar na ka da sarkin fili, zan ba Laraba labari. Na same ta a ɗakina, zaune a inda ta saba zama, ta tasa ɗan kwanonta a gaba ko taɓa shi ba ta yi ba.

Na ce, "Ya ba ki ci ba?"

Ta yi murmushi ta ce, "Na yi murna, Maigida, Allah ya sani. Kawai dai na saba ne. Na zauna sai na ga babu kowa a ɗaya gefen."

Duk tsawon wannan lokaci idona na kan tabarmar waje, ban taɓa tsayawa na dubi wadda ta ci kwano ɗaya da hagun nan ba tare da ta ƙoshi da wuri ba. Cikina a cike yake tim, amma na sake wanke hannu na zauna. Na ce, "Matso da shi." Muka cinye tare.

Har yau haka muke. Da magariba ina waje da maza, amma ba na cika ciki, don akwai kwanon da ke jirana a ɗaki. Masu cewa an shanye Turmi su yi ta faɗa. Ga ta can a layin zumuntar mata tana rufe fuska da gyale. Laraba, a gaban ikilisiya nake cewa na gode.

Ban sake shiga fili ba, kuma hannun nan ba zai ƙara miƙewa kamar da ba. Amma ina noma da shi, ina gaisawa da shi, ina karɓar Jibin Ubangiji da shi in kai bakina da kaina. Abin da na roƙa an ba ni.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in kana da ciwo kada ka ɓoye a ɗaki kamar ni. Matasa masu ƙwallo da kokawa, in gaɓa ta goce ku nufi asibiti a ranar, kada ku bari ƙarti su gwada ƙarfi a kanku. In an ce ku yi haƙuri ku goge tebur, ku goge. Ku kai kukanku wurin Yesu, ku faɗa masa ainihin abin da kuke so ba kunya, sa'an nan ku bi hanyar da ya buɗe ko ba ta yi muku kama da mu'ujiza ba. Bai yar da ni ba, ku ma ba zai yar da ku ba.

Yabo da girma su tabbata ga sunansa har abada. Ku ɗaga hannuwanku na dama mu ce Amin tare, ga nawa nan.